Hatimin Mantuwa da Mai Tsaron Gada

Lahadi

Zuwa ga mijina, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya rana, ya kwanan tanti? Allah ya sa ciwon bayan nan bai sake tashi ba. Na je na gaishe da Mama, lafiyarta ƙalau, ta ce in faɗa maka ka daina yawo a rana ba hula.

Tunda kamfaninku ya ga dama ya kai ku awon hanya inda waya ba ta shiga, na koma biro da takarda kamar matan cikin littattafaina. Da farko har daɗi abin ya yi mini. Na sayo takarda mai ruwan hoda, na ja kujera bakin taga, na ce ni ma yau zan rubuta wa masoyi na nesa. Amma ba zancen daɗi ne ya sa na zauna yau ba. Ƙara na kawo, kuma har da kai a cikin waɗanda nake ƙara.

Ka san ba da son raina na shigo wasan nan naku ba. Da na tare a gidan nan na ga abin mamaki. Duk Asabar da yamma sai manyan mutane, Yayarka da take ma'aikaciyar jinya guda, da abokinka likitan haƙori, da Dogo na kamfanin lantarki, su kewaye teburin cin abincinmu. Ka shimfiɗa musu taswirar birnin da ka zana da hannunka, ka ɓuya a bayan kwali kana ba da labari, kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin yana magana da bakinsa, in za a yi abu mai wuya a jefa ɗan lido a ga ko an dace. Na ce a raina, shi ke nan, na auri yaro mai gemu. Kai ka jawo mini kujera, ka ce wannan ma littafi ne, sai dai shi ana shiga cikinsa. Da wannan maganar ka kama ni.

Ka ba ni 'yar mai ɗinkin littattafai ta Birnin Kan Ruwa. Bayan ɗan lokaci kuma ka ba ni Mai Tsaron Gada, masoyinta, wanda kai kake magana da bakinsa.

Bari in faɗa maka gaskiya, tunda takarda ba ta kallon mutum. Kai ba ka magana. In na yi kwalliya ka ce to madalla. In ba ni da lafiya ka kawo magani, ka tsaya a kaina kana karanta ranar da zai lalace. Amma in ka shiga bayan kwalin nan ka sauke murya ka zama Mai Tsaron Gada, sai ka ce mini kana gane takuna a cikin takun duk masu haye gadar. Ka ce ranar da ban wuce ba, a banza kogin yake gudu. Yaya tana jan tsaki, Dogo yana tarin ƙarya, ni kuwa ina zaune ina jin abin da na girma ina karantawa ana faɗa wa wasu matan. Na san da wa nake magana. Kai ma ka sani.

To da za ka tafi sai ka kwashi kwalin da taswirar da kundin dokokin ka miƙa wa Likita, ka ce ya riƙe labari kafin ka dawo. Bai zo maka a rai ba cewa duk wanda ya riƙe labari shi ne bakin kowa a birnin? Jiya 'yar mai ɗinki ta zo haye gada. Likita ya maƙale murya kamar wanda ƙashin kifi ya tsaya wa, ya dafe ƙirji, ya lumshe ido, ya ce mini wai ya hasken fitilar gadarsa, haƙorana kamar a asibitinsa aka wanke su. Dogo sai da ya zame daga kujera don dariya. Yaya ta yi dariya har da share hawaye, ta ce ai gara wannan, aƙalla kowa ya san wasa ake yi.

Na tashi na shige kicin, na tsaya a gaban butar shayi har ruwan ya kusa ƙafewa. Ba wanda ya biyo ni. Da na fito ma tambayata aka yi ko biskit ya ƙare.

Abin da nake so ɗaya ne. Ka rubuto wa Likita ya ɗauke Mai Tsaron Gada daga hanyata har ka dawo. Ya ce an tura shi aiki, ya ce yana jinya, ya ce duk abin da ya ga dama, amma kada ya ƙara sa shi a bakinsa. Shi nasa ɓarawon da yake bugawa ai bai bar shi a hannun kowa ba, ranar da ya karɓi kwali ya tura shi fatauci. Ya san ciwon nasa.

Direbanku ya ce gobe zai biyo. Ka kula mini da kanka, ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Taka har kullum,
'Yar Littafinka

Lahadi

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu ma nan lafiya, sai godiyar Allah.

Amsarka ta iso. Na juya takardar na duba bayanta ko akwai sauran magana, na leƙa cikin ambulan ko wani abu ya maƙale. Babu. Ka samu saƙona, in sa a canza robar tukunyar gas, kuma wanda yake riƙe da labari shi ke da iko, ba ka tsoma baki daga nesa. Na gode ƙwarai. An canza robar.

Tunda dokar teburi ta fi ni, bari in ba ka labarin birninka, wataƙila shi zai sa ka cika shafi.

Shugaban majalisa ya fito da ƙararrawar nan da ka ba shi, wadda in ya kaɗa ta duk ɗan majalisa sai hannunsa ya ɗaga ko yana so ko ba ya so. Ya kaɗa ta a kan masu kwale-kwale. An rufe musu gadoji, an kame jiragensu, an kwashe dattawansu an zuba a kurkuku. Dogo, da yake shi ne shugabansu a wasan, ya yi ta buga tebur har shayi ya zube a gefen taswira. Yaya kuwa tana cikin majalisar, kuma duk ƙuri'ar da aka yi sai Likita ya ce mata hannunta ya tashi. Ka san Yaya da a ce ta yi abin da ba ta yi niyya ba. Ta jefa ɗan lido ta sake jefawa, hannun bai sauka ba.

Sai dukansu suka juyo suna kallona.

Ka tuna hatimin da 'yar mai ɗinki ta tsinta a cikin jirgin da ya nutse. Da hannunka ka yi shi, daga tsohon hatimin ofishinku, ka shafa masa baƙin fenti ka sa mini a gwangwanin ganyen shayi. Ka karanta mini dokarsa a gaban kowa: duk umarnin da aka rubuta a takarda ɗaya aka buga masa shi, birni kaf sai ya bi, ƙararrawa ma ba ta isa ta ja da shi ba. Amma wanda ya fi kowa son mai hatimin zai manta da shi ƙaƙaf, ba magani, ba dawowa. A ranar na ji tsigar jikina ta tashi. Na ce ashe mijina ya iya irin wannan. Na ɗauka ka ba ni ne don in ajiye, kamar yadda ake ba yarinyar cikin littafi abin da za a yi ta jarraba ta da shi, ita kuwa ta ƙi, don a ga girman son da take yi. Na ɗora gwangwanin a kan kantar littattafaina, kullum ina goge shi.

Yanzu so suke in buga. Yaya har ta rubuto umarnin a bayan takardar asibiti: a tsige shugaban majalisa, a ɗora ta a kujerarsa. Ta turo mini shi ta kan tebur da ɗan yatsa ɗaya, kamar tana ba mara lafiya ƙwaya.

Na ce ban bugawa. Ta ce Amarya, ki dawo hayyacinki, maɓalli ne fa. Wai maɓallin tsohuwar kwat ɗinka da muke ajiyewa a kan gada a matsayin Mai Tsaro. Ta ce za ki bar birni guda cikin zalunci saboda maɓalli, wanda ko rigarsa ma an yi tsumma da ita. Dogo ya ce Madam ki ji tsoron Allah, tsofaffina suna can sauro yana cinye su, ke kina nan kina soyayya a bakin ruwa. Na ce masa in nawa maɓalli ne, tsofaffinsa murafen kwalbar lemo ne, ni na wanke su da hannuna. Na ce wa Yaya kujerar da take wa wannan haƙilo kuwa kwalin ashana ne, in tana so akwai wani a kicin, ta ɗauka ta hau. Ka yi haƙuri, yayarka ce, amma na faɗa, kuma ban ji na yi nadama ba.

Ta ce dama ita ta san karatun littattafan nan ba ya barin mace da hankali. Likita ya yi ta gyaran gilashi yana cewa a bi a hankali, a bi a hankali, kamar ba shi ya kunna wutar ba.

Ba wanda ya yi mini sallama da za su tafi. Dogo ya tako da takalminsa ya ɗebo mini ƙasa har tsakiyar falo, na san da gangan ne.

Ga tambayata, kuma ba a kan doka ba ce. Kai ka rubuta hatimin nan. Ka san wanda ya fi kowa sona a birnin, tunda kai ne shi. Me ka nufa da shi? In ka ce mini in riƙe kada in buga, ko su duka za su daina gaishe ni ba zan buga ba.

Ka gaida direba, mutumin kirki ne, yana jira in gama ba ya ƙorafi.

Matarka,
'Yar Littafi

Alhamis

Maigida,

Salamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni dai ga ni nan.

Ban jira amsarka ba, don abin da ya faru ba zai jira ba.

Ranar Asabar na ce ba zan zauna ba. Na ɗauka za su fasa. Ina! Teburin a gidan nan yake, taswira a gidan nan take, sai ga su kamar kullum. Suka baje a falona, ni ina ɗaki da littafi a hannu ban karanta ko layi ɗaya ba, ina jin komai ta ƙofa. Likita ya ce bisa doka wanda bai zauna ba mutuminsa yana tsaye inda aka bar shi. Aka bar 'yar mai ɗinki a ƙofar shagonta da hatimi a aljihu, shugaban majalisa ya sake kaɗa ƙararrawa, aka banka wa jiragen masu kwale-kwale wuta. Dogo ya ɗaga murya don in ji, ya ce a gaida masu soyayya, toka ta gode. Sannan ya leƙo ya ce ko za a samu ruwan sanyi. Na kai musu. Ka ga irin matar da ka aura.

Jiya kuma Yaya ta biyo daga asibiti da kayan aikinta a jiki, wai ta zo karɓar na'urar awon jinin Mama. Ta same ni ina yankan albasa. Ta jingina da firji, ta ce ita fa ba ta son ganin ƙanwarta tana wahalar da kanta a kan abin da an riga an gama. Na ce me aka gama? Ta ce au, bai faɗa miki ba?

Ta ce kai ka zaunar da ita da Likita kafin ka tafi. Ka ce musu Mai Tsaron Gada ya ishe ka. Ka ce kai magidanci ne, ba ka iya ci gaba da zama a gaban yayarka da abokanka kana zuba kalaman da ko a ɗaki ba ka yi. Ka ce ba za ka iya kashe shi da bakinka ba don zan yi kuka, shi ya sa tun bara ka ƙera hatimin, don in zama ni na yi da hannuna. Ka ce a taso da rikicin majalisa bayan ka tafi, a matsa mini, kafin ka dawo an wuce wurin.

Ta faɗi wannan duka tana cire mini ɓawon albasa daga kan kantar kicin tana zubawa a kwandon shara, kamar taimakona take yi. Ta ce kin gani ko, ba mugunta muke miki ba, aikin da aka ba mu muke yi.

Na ce mata na gode, ga na'urar can a kan tebur. Albasa ta rufa mini asiri.

Ban yarda da ita ba. Yaya in ta so kujera ba abin da ba za ta faɗa ba, ko da ta kwalin ashana ce. Amma na zauna na yi ta tunani. Na tuna ranar da ka ba ni gwangwanin ba ka kalle ni ba, taswira kake kallo. Na tuna Likita bai taɓa iya tsara rikici irin wannan ba, mutumin da ko ɓarawonsa sai an tuna masa me ya sata.

A littattafan da nake karantawa, in muguwar magana ta fito daga bakin dangin miji, ƙarya ce, kuma a babi na gaba mijin yake dawowa afujajan ya wanke kansa. Ban ce ka baro aikinka ba. Kalma ɗaya nake so. Gaskiya ne ko ƙarya?

Kada ka rubuto mini zancen doka. Kada ka ce wasa ne kawai, don kai ka fara cewa littafi ne da ake shiga cikinsa. Na shiga. Ina ciki.

Matarka

Litinin

Maigida,

Salamu alaikum. Da fatan kana lafiya.

Direba ya zo hannu wofi, ya ce ka ce kana tunani. Mutumin da yake auna tsauni da kwari a wuni ɗaya, kalma guda ta gagare shi. Na ba direban shayi, shi ma kunya ta kama shi a madadinka.

Ci gaba da tunani. Na ce wa Likita a ɗaga zaman Asabar har sai na ji daga gare ka, ya yarda ba musu. Wannan ma ya faɗa mini wani abu.

Matarka

Lahadi

Zuwa ga mai Birnin Kan Ruwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma aiki yana tafiya yadda kake so. Mama tana gaishe ka. Jikinta da sauƙi.

Na karanta amsarka. Ka ce ba gajiya ka yi ba, nauyin Yaya kake ji. Ka ce labarin ya daɗe a tsaye a bakin gada, sauran ma suna da haƙƙi. Ka ce ka ga hanyar da ka bi ita ce za ta fi yi mini sauƙi. Wannan ce takarda mafi tsawo da ka taɓa rubuto mini, kuma ita ce ka rubuta don ka ce eh.

Da ka same ni a ɗaki ka ce kana jin nauyi, wallahi da na fahimta. Ni ma ina jin nauyin Yaya. Da na ce a kai Mai Tsaro wata gadar can bayan gari inda ba mai ji sai ni. Amma ka zauna ka sassaƙa hatimi, ka yi masa fenti, ka jira ya bushe, ka miƙo mini kamar kyauta. Ina goge shi kullum kana gani, ba ka ce komai ba.

To jiya na zauna.

Na yi wanka, na sa koriyar rigar nan, na dafa shayi, na jera kofuna. Da suka shigo suka ga gwangwanin a kan tebur, sai Yaya ta washe baki ta ce yauwa Amarya, yanzu kika zama 'yar gida. Ta laluba jaka ta fito da umarninta. Na ce ta riƙe kayanta, na rubuta nawa. Doka ta ce takarda ɗaya, ba ta ce wa zai rubuta ba. Likita ya buɗe kundinka ya duba, ya ce haka ne.

Na miƙe tsaye na karanta. A ɗauki ƙararrawar shugaban majalisa a jefa ta inda kogin ya fi zurfi. A buɗe kurkuku a saki dattawan masu kwale-kwale. A fasa kujerun majalisa dukansu, har da babbar, a sassaƙa musu sababbin jirage da katakon. Daga yau majalisa a tsaye za ta riƙa zama, a kan gada, a rana, inda kowa zai ga hannun da ya ɗaga da wanda bai ɗaga ba. Kuma ba a ƙara naɗa mata shugaba.

Yaya ta ce ba haka aka yi da ita ba. Na ce ni ba a yi komai da ni ba, Yaya, a bayana aka yi. Ta juya wajen Likita ta ce ya hana. Likita ya ce ba shi da iko, kai ka rubuta cewa ba abin da ke ja da hatimin. Dogo bai san dariya zai yi ko me ba, tsofaffinsa sun fito amma ya kasa kallona.

Na buɗe gwangwanin, na dangwala hatimin a tawada, na buga. Ƙarar ba ta kai yadda na zata ba. Kamar an ajiye kofi.

Likita ya ba da labarin yadda aka yi: ƙararrawa ta nutse, an ɓalle ƙofar kurkuku, kafintoci suna fasa kujeru. Sannan ya cire gilashinsa, ya ce Madam, in kina so mu tsaya nan, ba sai an je gada ba. Na ce a'a. Na biya, sai na ga abin da na saya. Na ɗauki 'yar mai ɗinki na taka da ita layi-layi, ta bar shagonta, ta wuce kasuwar fitilu, na ajiye ta a gaban Mai Tsaron Gada.

Likita bai maƙale murya ba wannan karon. Bai dafe ƙirji ba. Da muryarsa ta kullum, wadda yake ce wa mutane su buɗe baki da ita, ya ce: baiwar Allah, matsa gefe, kina tare wa mutane hanya.

Na ce masa bai gane ni ba? Ya ce masu wucewa da yawa suke, ba ya riƙe fuska.

Na matsa gefe.

Ba wanda ya yi dariya. Dogo ya tashi ya ce ya tuna an kira shi gyara. Yaya ta tattara kofunan ta kai kicin ta wanke, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan nan, ta fito tana goge hannu a jikin mayafinta, ta buɗe baki kamar za ta yi magana. Na riga ta, na ce ta gaida gida. Ban yi kuka a gabansu ba, ka faɗa wa kanka wannan in kana son ka ji sauƙi. Ban kuma yafe wa kowa ba, har Likita da ya yi mini kara a ƙarshe.

Ka samu abin da ka tsara. Birninka ya motsa daga bakin gada, sai dai ba inda ka so ya nufa ba, kuma in ka dawo kai za ka san yadda za ka yi da majalisar da ba ta da wurin zama da yayar da ba ta da kujera. Ba za ka ƙara jin nauyin kowa ba. Ni na ajiye 'yar mai ɗinki. Ku ci gaba da wasanku, tebur yana nan, zan dafa shayi.

Ba tafiya zan yi ba, kada ka tayar da hankalin Mama. Za ka dawo ka same ni, ka sami gidanka a share. Amma ka sani duk abin da nake ji daga gare ka a gidan nan ta bakin mutumin nan nake jinsa, kuma jiya na rufe bakin da hannuna kamar yadda ka so. Yanzu ba kwali a tsakaninmu, ba maɓalli, ba Yaya a gefe da za ka ji nauyinta. In kalaman nan nasa ne shi kaɗai, to sun tafi da shi, ka faɗa mini in san irin zaman da zan yi. In kuwa naka ne, ka san inda nake.

Shi Mai Tsaron Gada na yafe masa. An buga masa hatimi, yana da uzurin da zai kalle ni ya ce bai san ni ba. Kai ba a buga maka komai ba.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Ni ce,
matar da ka aura